Tafi Uku a Bakin Turmi

…kuma har ƙamshinsa daban ne. Sau nawa ke nan ina kai shi hanci? Matar da ke gefena a motar nan ta fara kallona ta wutsiyar ido, ƙila ta ɗauka turare na ɓoye a ciki. Kalli abinki, baiwar Allah. Ƙamshin sabuwar takarda ne da tawada… da ɗan warin albasa, ba zan ɓoye ba, don a motar 'yan albasa kwalin ya zo daga Sakkwato. Duk abin da zai shigo Illela sai ya gaisa da albasa tukuna.

Littafina. Bari in sake faɗa a zuci, ba mai ji — littafina. Waƙoƙi ashirin da bakwai. Bango kore, hoton turmi a tsakiya, taɓarya a sama ba hannun da ke riƙe da ita. Sunansa *Tafi Uku*. Can ƙasa kuma, da fararen haruffa manya-manya: Zuwaira Lawal Araba. Ni ɗin nan dai. Ni da ke koyar da Hausa a makarantar 'yan mata, alli ya busar mini da yatsu. Ni da na shekara goma sha ɗaya ina rubuta baitoci a bayan tsofaffin takardun jarrabawa, in na ji motsi in tura su ƙarƙashin tabarma…

Adda, ina tafe. Ki shirya, don yau kam na ɗana miki tarko.

Direba, wannan tafiyar hawainiyar fa? Daga Illela zuwa Araba ne, ba Makka ba.

Ɗazu da safe a tasha, don ɗoki, na kasa kwance igiyar kwalin. Maharazu, maigidana — a zuci nake faɗin sunan, ai ni ma da tawa kunyar, a fili Alhaji nake ce masa — ya tsaya a kaina yana dariya. “Malama, bi shi sannu, ba gudu zai ba. Mi ke ciki, kuɗin sefa?” Ya zaro wuƙar da yake farke buhu da ita ya yanke igiyar. Ya ɗauki ɗaya, ya juya gaba, ya juya baya. Sai ya ce, “Ashe dai da gaske kike.” Shi ke nan fa yabon. Amma ya kwashi guda goma ya cusa a aljihun babbar riga da cikin jaka, wai zai tsallaka iyaka zuwa Ƙwanni ya nuna wa abokan cinikinsa, mutanen da rabinsu Faransanci suka karanta. Ya tafi yana tafiyar ƙasaita kamar shi ya rubuta.

Adda… ke kika haife ni, amma ban taɓa ce miki Inna ba. Ni ce 'yar fari. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Iya, kakata, can ƙarshen tsakar gida. Na tashi ina jin ƙannen Baba suna ce miki Adda, ni ma na bi sahu. Ke kuma, shekara talatin da shida ke nan, ba ki taɓa faɗin sunana ba. Ko sau ɗaya. Kunyar 'yar fari, in ji manya. “Ke.” “Waccan.” “Ta ɗakin Iya.” Da na yi aure na samu ƙarin girma, na koma “ta Illela.” Shahida kuwa, autarki, sunanta har ya gaji a bakinki — Shahida kawo, Shahida kai, Shahida kin ci? Ba na jin haushi. To… ina ji. Kaɗan. Wa zan yi wa ƙarya a cikin kaina?

Shi ya sa tawa 'yar farin, Humaira, nake kwala mata kira tun daga ɗaki har bakin titi. Maƙwabta suna cewa Malama ba ta da kunya, boko ya cinye ta. Su faɗa. Yarinyata dai ta san yadda sunanta yake a bakin uwarta.

Shinge. Mota ta tsaya, jami'i ya leƙo, idonsa a kan kwalin da ke cinyata.

“Hajiya, mi ke cikin kwali?”

“Waƙa.”

Ya dube ni, ya dubi direba. Wa ya taɓa jin an sa waƙa a kwali? Na buɗe masa. Ya ɗauki ɗaya yana bin haruffan da yatsa, leɓensa na motsi… “Ke ce wagga?” Ni ce. Ni ce, ranka ya daɗe, ni ce. Riƙe shi, na ba ka. Ya sara mini — ni, aka sara wa! Matar gefena ta gyara zama ta ba ni fili, har da cewa, “Sannu, Malama.” Ɗazu fa gwiwar hannunta ke cikin haƙarƙarina.

Ranar da kunama ta harbe ni — ina shekara tara, ko takwas? — gida ya ɗauka, kowa na kiran Zuwaira, Zuwaira, Iya na kuka, Baba na tofa addu'a. Ke kina zaune bakin ƙofarki kina tsintar wake. Ko kai ba ki ɗaga ba. Na daɗe ina riƙe da wannan a raina. Sai da na girma Iya take gaya mini tana dariya, wai ranar waken kika watsar wa kaji, kika tara tsakuwa a faifai kika nufi tukunya da ita. Na yi dariya ni ma. Amma tsakuwa a faifai ba suna ba ce, Adda. Ni sunan nake so in ji.

To ga tarkon. Ba ki karatun boko, na sani, littafin nan a wurinki da murfin kwano duk ɗaya. Amma kunnenki fa? Waƙa in kika ji ta sau biyu, ta zauna ke nan har abada. Kuma kowa ya san ƙa'ida, Baba ma, Allah ya jiƙansa, ya sha faɗa wa ɗalibansa a zaure: mai waƙa yana sa sunansa a baitin ƙarshe, wanda kuwa ya rera waƙar wani ya yar da baitin ƙarshe, ya ci amana. Ke da bakinki kin tsawata wa Shahida ranar da ta yanke wata waƙar wa'azi ba ta kai sunan mai ita ba. “Kai ta ƙarshe. Mai abu a ba shi abinai.” Ina nan, na ji, na adana.

Don haka na yi waƙar turmi. A kan karin dakanki na ɗora ta, na san ba za ki iya ƙyale ta ba, sai ta yi ta yi miki ƙaiƙayi a maƙogwaro. Na dasa sunana a baitin ƙarshe daram. Ko ki ci amana, ko ki faɗa. Zaɓi ɗaya. Wayyo, ni da wayo… wa ya ce gado ba gaskiya ba ne?

Dakanki… Da sassafe, ina leƙe ta asabarin ɗakin Iya. Matan Araba in suka cilla taɓarya sama tafi ɗaya suke yi su cafe, gwanaye su yi biyu. Ke uku. Tas, tas, tas, ki cafe ba ki ko kallo. In ana biki har daga Gidan Katta mata ke zuwa ganin tafi ukun Hadijatu. Da 'yar waƙarki da ba ta canzawa:

*Na daka gero, na kai ɗakin can —*
tas, tas, tas —
*sha ki ƙoshi, kak ki dube ni.*

Na ɗauka da akuyarki kike, jar nan mai kunne ɗaya da kike kai wa ruwan tsari a ɗan ɗakinta. Har kishi na yi da akuya, Allah ya gani. Ita ana yi mata waƙa, ni ko “ke” sai an ga dama. Na taɓa jifanta da ɓawon kabewa, Iya ta kama ni.

Wannan ɗan tsayawar, inda murya ke yankewa tafi ya shiga, shi ya koya mini kari tun ban san ana karanta shi a makaranta ba. Duk waƙoƙina da shi a ciki. Malamin da ya duba mini littafin a Sakkwato ya cire tabarau ya ce, ina kika samo wannan tsayawar a tsakiyar baiti? Na ce a bakin turmi. Ya rubuta a takarda, har da jan layi a ƙasa.

Ga rumbunan Araba can. Gero ya nuna bana, wasu har sun fara yanka. Zuciyata, ki natsu mana, gida za mu ba kotu ba. In ta ƙi fa? Ba za ta ƙi ba. In ta… a'a. Direba, nan zan sauka, gindin dogon yaron can.

Shahida ce ta fara hango ni. Guɗa tun daga ƙofar gida, ta fizge kwalin ta ɗora a ka tana juyi da shi kamar kayan lefe. A hankali, ke, shekara sha ɗaya kika ɗauka a kanki. Zaure… warin tsoffin alluna har yanzu bai fita ba. Da Baba na nan da ya ce in karanto, ya rufe ido, ya kama ni da karyayyen baiti tun a shafin farko. Da na so hakan.

Ga ki. A tabarma, inuwar ɗaki, kina tsinkar zogale a faranti. Kin rame kaɗan. Ko idona ne? Na durƙusa.

“Ina wuni, Adda.”

“Lahiya lau. Kun zo lahiya? Ina mai gidan? Ya albasa?”

Albasa. Na zo da littafi, ana tambayata albasa. Albasa na nan ƙalau, Adda, tana gaishe ki. Idonki a kan zogale. Na ɗauko ɗaya, mafi kyawun, wanda na zaɓa tun a tasha ba ko lanƙwasa a kusurwa, na ajiye a bakin tabarmarki. Hannu biyu na sa. Kin goge hannunki a zani. Kin sake gogewa. Ɗauka mana, ɗauka… Kin koma kan zogale.

“Shahida, ba baƙuwa ruwa.”

Baƙuwa. Madalla, an ƙara mini wani a kan “ta Illela.” Sai dai na ga lokacin da Shahida ta dire kofin kusa da littafin, kin sa yatsa kin janye shi can nesa kada ya zube. Na gani. Ba abin da ke wuce ni yau.

Mata sun fara shigowa, guɗar Shahida ta kira su. Littafi na yawo hannu zuwa hannu, wata ta riƙe shi kai a ƙasa tana cewa tabarkalla, wata ta buga masa tambarin man gyaɗa da babban yatsa. Ku taɓa, ku taɓa, don ku aka yi. “Wanga turmin Hadijatu na, na gane shi.” Ba shi ba ne, wani yaron kwamfuta ya zana, amma na ce shi ne. “A rera muna mu ji.” Yauwa. Abin da nake jira ke nan. Na gyara murya, na saci kallonki…

*Da sunan Rabbu nake farawa,*
*Shi ke raya ƙauye da gari.*
*Turmi ya sha duka bai koka ba,*
*A wurinsa na koyi haƙuri.*

Muryata na rawa. A gaban 'yan mata sittin nake tsayawa kullum ba ta rawa, yau a gaban mace ɗaya da farantin zogale… Hannunki ya rage sauri. Ƙafarki — babban yatsan ƙafarki na bin karin, yana taɓa tabarma. Kin shiga, Adda. Kin shiga tarko, saura in ja igiya.

*Taɓarya ta tashi, baki ya tsaya,*
*A wannan shirun na tsinci kari.*

Mata na tafi a wurin da ya dace ba wanda ya koya musu. Saura baiti uku. Saura biyu…

“Bari in dubi geron can.”

Kin miƙe. Kin kakkaɓe zani. Kin bi ta bayan ɗaki kin ɓace. Wane gero? Gero gudu zai yi? Wata tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya: “Kunya ta kore ta. Hadijatu ke nan, ko sarauta anka ba ki ba ta tsayawa.” Kowa na dariya, ni ma ina yi. Amma na ji zafi. Bari in faɗa ƙarara tunda ba mai jina: na ji zafi. Ranar aurena ma haka kika yi, gidan maƙwabta kika wuni.

To amma zana ce tsakaninmu, ba katanga ba. Zana ba ta tare murya. Na ɗaga ta yadda har na kan hanya zai ji:

*Tammat, waƙar turmi ta ƙare,*
*Na gode Allah mai alheri.*
*Mai son sanin wadda ta tsara,*
*Zuwaira ce, ni ce 'yar fari.*

A sake, in ji mata. Da ma ko ba ku ce ba. Daga farko har ƙarshe, sau biyu cif. Sau biyu ya ishe ki, na san kunnenki. Sauran kuma… ban sani ba. Me na zata? Za ki fito ki rungume ni a gaban matan Araba kina Zuwaira, Zuwaira? Mace mai 'ya'ya huɗu, malamar makaranta, ga littafi da sunanta, tana zaune tana jiran a kira ta kamar 'yar yaye. Ki ji kunya, Zuwaira. Kin ga, ni ma na iya faɗinsa, me ya yi wuya a ciki?

An kira la'asar. Mata sun watse, kowace da kwafinta a ƙugu, ban san wa zai karanta musu ba, jikoki dai. Naki yana nan a bakin tabarma inda na ajiye… a'a, ba ya nan. Shahida ta ce ba ita ta ɗauka ba. To wa? Bari dai in yi alwala. Buta, ruwa, bayan rumbu inda muke yi tun muna yara.

Dum.

Dum… dum.

Turmi? Wa ke daka a gidan nan? Shekara nawa da kawo injin niƙa Araba. Kuma Shahida ta ce kafaɗarki ta hana ki ɗaga taɓarya tun bayan rasuwar Baba, ko tulu ba ki ɗauka. Ta tsakanin rumbu da zana ina hango bayanki. Ke ce. Kin ɗaure zani a ƙirji irin na da. Ga koren bango can a kan kujerar tsugunno, kin shimfiɗa masa ɗankwali a ƙasa kada ya taɓa ƙura.

Murya ƙasa-ƙasa, ta hanci… *Da sunan Rabbu nake farawa*… Ya salam. Ta kama. Ta kama ki, Adda, na ce za ta kama ki. Kada in yi motsi. Kada butar nan ta yi ƙara. Baiti na biye da baiti, ba ki yar da ko ɗaya ba, har wani wuri da ya daɗe yana yi mini tsaye a maƙogwaro kin sassauta shi ya zauna lafiya — malamin Sakkwato bai gani ba, ke kin ji. Dum. *A wurinsa na koyi haƙuri.* Dum. Ci gaba. Ba mai jin ki, ke kaɗai ce da kaji. Saura biyu. Saura ɗaya. *Tammat*… Ƙirjina ya fi turmin bugawa. Mai abu a ba shi abinai, ke kika faɗa, ke kika faɗa…

*Mai son sanin wadda tat tsara —*

Taɓarya ta tashi sama.

Tas, tas, tas.

Kin cafe. *— ce, ita ce ɗiyar hwari.*

Kin tsallake. Kai, Adda… kin zame ta ƙarƙashin tarkon kin bar ni riƙe da igiya. Shekara biyu ina saƙa shi. Dariya ke son ƙwace mini, hawaye kuma sun riga ta. Na sha kaye, na yarda, ɗan hakin da ka raina… Ba ki ci amana ba, ba ki kuma faɗa ba, kin sa tafi a gurbin —

A gurbin.

Ba ki tsaya ba. Waƙata ta ƙare kin zarce cikin tsohuwar taki kamar da ma ɗaya ce. *Na daka gero, na kai ɗakin can* — taɓarya a sama, da wannan kafaɗar —

Tas. Tas. Tas.

Yatsuna na lissafi da kansu a jikin buta. Zu. Wai. Ra.

A'a. Tsaya. Akuyar… jar akuyar ta mutu tun ina aji uku, waƙar ba ta mutu ba. Ɗakin can. Wane ɗaki ne can in ba na Iya ba? Wa ake kai wa fura a ƙaramin ƙoƙo kullum safiya, da nono har ya yi yawa, Iya ta ce sha, rabonki ne, ba ta taɓa cewa daga ina ba? *Sha ki ƙoshi.* Sauran mata tafi ɗaya, gwanaye biyu… ba gwaninta kike nema ba. Biyu ba su isa ba ne. Sunan ne mai gaɓa uku.

Kullum safiya. A tsakiyar gida, a gaban Baba, a gaban Iya, a gidan biki mata sun yi da'ira suna kallo — har daga Gidan Katta. Da ƙarfi, yadda ake ji har bakin rijiya. Ni kuma ina bayan asabari ina jifan akuya. Iya ta sani? Dariyar nan tata… ta sani. Tsohuwar ɗazu fa? Wa da wa suka sani, ni kaɗai ce…

Kuma na ɗauke shi na sa wa littafi. *Tafi Uku* a sama, Zuwaira a ƙasa. Ashe sau biyu na rubuta sunana a bangon nan, ɗaya da hannuna, ɗaya da naki.

Ruwan butar na zuba a ƙafata, ya jiƙa bakin zani. Shahida na kira daga tsakar gida — Yaya Zuwaira, Yaya Zuwaira, mota za ta wuce ki. Ta wuce. In na fito za ki ajiye taɓarya ki tambaye ni albasa. In na amsa wa Shahida za ki san ina nan. In na ce miki na ji, na gane… ba za ki ƙara yi ba har abada, na san ki. To me zan yi da shi? Shekara talatin da shida ana kirana, ta ina ake fara amsawa?

*Kak ki dube ni*, kika ce. To. Na juya fuskata ga rumbu, ba na dubawa.

Dum… dum…

Kafaɗarki, Adda. Ki bari haka nan, ya isa, na ƙoshi…

A'a. Ƙara ɗaya.